Kafibara a cikin gari: dalilin yawaitarta da abin da ake taƙaddama a kai

A watan Agustan 2021 hotuna suka cika intanet daga Nordelta, wata unguwar masu hannu da shuni a arewacin birnin Buenos Aires na ƙasar Ajantina. Wasu manyan dabbobi masu jan gashi da ake kira kafibara ne ke kiwo a farfajiyar gidaje, suna tsallaka titi a jere, motoci na tsayawa suna jiransu. Mazauna unguwar suka koka cewa dabbobin sun cinye musu furanni, sun ciji karnuka, sun kuma jawo haɗurra. Masu kare muhalli suka ce ai unguwar ce ta je ta tarar da dabbobin a gidansu. Bayan shekara biyu, a watan Yunin 2023, sunan dabbar ya sake fitowa a labarai, wannan karon daga Barazil, inda mutum huɗu suka mutu da wani zazzaɓi da kaskar da ke shan jinin dabbar ke yaɗawa, bayan halartar wani taro a wata gona da ke birnin Campinas. A tsakanin waɗannan labarai biyu kuma, TikTok ya mai da ita abar sha'awa, har ana sayar da 'yar tsana mai siffarta a kasuwannin duniya.

Mai bibiyar labarai yana iya rikicewa. Wani ya ce dabba ce mai haƙuri da ba ta cutar da kowa, wani ya ce annoba ce, wani kuma ya ce nama ce kawai. Kowanne yana da hujja, amma daga wuri daban yake magana.

## Wace irin dabba ce

Kafibara 'yar dangin ɓera ce, wato zuriyar dabbobin nan masu dogayen haƙoran gaba da ba sa daina tsiro, irin su gafiya da kurege da beguwa. Ita ce mafi girma a cikinsu duka. Babbar kafibara tana kai kilo 35 zuwa 65, tsawonta ya haura mita ɗaya, wato a girma ba ta rasa kai tunkiya mai ƙiba. Asalinta Kudancin Amurka ne, gabas da tsaunukan Andes, kuma ana samun ta a kowace ƙasa ta yankin in ban da Chile. A Ajantina ana ce mata carpincho, a Benezuwela chigüire, a Barazil capivara.

Jikinta duka an gina shi ne don zaman bakin ruwa. Idanunta da kunnuwanta da hancinta suna jere a saman kai, ta yadda za ta nutse gaba ɗaya ta bar su kaɗai a waje. Tsakanin yatsunta akwai 'yar fata da ke taimaka mata wajen iyo, kuma idan ta ji tsoro tana iya zama ƙarƙashin ruwa har kusan minti biyar. Ciyawa da tsiron ruwa ne abincinta. Da yake ciyawa tana da wuyar narkewa, da safe takan ci wani nau'i mai laushi na kashinta domin abincin ya sake bi ta hanji karo na biyu, kuma ta haka take samun sinadarin da ya wuce ta a karon farko.

A garke take rayuwa, galibi goma zuwa ashirin, ƙarƙashin namiji guda mai iko. Ana gane shi da wani baƙin ƙullutu a saman hancinsa, wanda yake gogawa a jikin itace da ciyawa don ya bar warinsa, sauran garkuna su san wurin yana da mai shi. Kowane garke yana tsare da nasa yanki na gaɓar ruwa. Wannan hali yana da muhimmanci, domin a kansa ne yawancin muhawarar da za ta zo a ƙasa ta rataya.

Mace tana ɗaukar ciki kusan wata biyar, ta haifi 'ya'ya huɗu a matsakaici, wani lokaci har takwas. 'Ya'yan suna fara cin ciyawa cikin mako guda, kuma kafin su cika shekara biyu su ma sun isa haihuwa. Ƙungiyar IUCN mai tantance dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta sanya ta a rukunin waɗanda babu fargaba a kansu.

## Abin da ke riƙe yawanta a daji

Dausayi shi ne ƙasar da ruwa ke kwanciya a kanta, ko duk shekara ko na wasu watanni: fadamu, gaɓar kogi da ambaliya ke shafa, tafkuna marasa zurfi. Kudancin Amurka yana da manyan irinsu. Akwai Pantanal da ya ratsa Barazil da Bolibiya da Faragwai, akwai Llanos a Benezuwela da Kolombiya, akwai Iberá da bakin kogin Paraná a Ajantina.

A irin waɗannan wurare abu biyu ne ke hana kafibara cika ƙasa duk da yawan haihuwarta. Na farko maharanta: damisar Amurka da ake kira jaguar, da puma, da kada, da mesar ruwa anakonda, ga manyan tsuntsaye da dila masu ɗauke ƙanana. Da yawa daga cikin 'ya'yan ba sa kai shekara. Na biyu rani. Idan ruwa ya ja baya, garkuna sukan taru a 'yan kududdufan da suka rage, wani lokaci har ɗari a wuri guda, ciyawa ta ƙare, cuta ta shiga, raunana su mutu. A 2014 fari ya tsananta a Paz de Ariporo da ke yankin Casanare na Kolombiya, inda aka ƙiyasta dabbobi kusan 20,000 sun mutu, mafi yawansu kafibara.

To, idan mutum ya shigo wuri ya kori damisa da kada, ya haƙa tafkin da ba ya ƙafewa, ya shuka ciyawar da ake ba ruwa rani da damina, ya kuma hana farauta, ya cire takunkumin nan biyu a lokaci guda. Abin da ake gani a birane ke nan. Kafibara tana zaune a bakin kogin Pinheiros a tsakiyar Sao Paulo duk da ƙazantar ruwansa, tana wurin shaƙatawa na Barigui a Curitiba, tana gefen tafkin Pampulha a Belo Horizonte. A karkarar jihar Sao Paulo kuwa gonakin rake da masara ne suka zo har bakin rafi, kuma masu bincike sun gano kafibarar irin waɗannan wurare ta fi ta Pantanal nauyi.

## Rikicin Nordelta

An fara gina Nordelta a ƙarshen shekarun 1990 a gundumar Tigre, kan fadamar kogin Luján, daf da inda kogin Paraná ke rarrabuwa kafin ya faɗa babban mashigin ruwan Río de la Plata. Attajiri Eduardo Costantini ne ya jagoranci aikin. An haƙa manyan tafkuna, aka yi amfani da ƙasar da aka haƙo wajen cike fadamar da ɗaga ta sama da matakin ambaliya, aka zagaye da katanga. Yau mutanen da ke ciki sun haura dubu arba'in.

Kafibara tana wurin tun kafin a aza tubalin farko. Muddin akwai sauran filayen da ba a gina ba, ba a cika lura da ita ba. Da gini ya ci gaba da cinye waɗannan filaye, sai garkuna suka matso cikin gidaje. Lokacin kullen korona a 2020 ya ƙara musu sakewa, tunda tituna sun yi tsit. A wannan tsakanin kuma gobara ta yi ta cin tsibiran Paraná, kogin kansa ya yi ƙasa a 2021 irin yadda ba a gani ba tun 1944, ko da yake masana ba su haɗu a kan ko waɗannan sun koro sababbin dabbobi zuwa unguwar ba, ko kuwa na cikin ne kawai suka hayayyafa.

Ɓangarorin ba biyu ba ne kamar yadda intanet ta nuna. Hukumar da ke gudanar da unguwar tana cewa yawan dabbobin ya ninka cikin 'yan shekaru har ya kusa dubu, kuma idan ba a tsayar da shi ba, dabbobin kansu za su sha wahala, ga mota na bankewa. Wasu mazauna suna son a kwashe su gaba ɗaya. Wasu mazaunan kuma, a cikin unguwar guda, sun kafa ƙungiya suna neman a bar wa dabbobin hanyoyin wucewa da filin kiwo, a rage gudun motoci, a daina sare ciyawar bakin tafki. Masu fafutuka daga waje, irin su lauya Enrique Viale, suna ganin batun kafibara reshe ne kawai, tushen shi ne yadda aka bari aka cike fadama tun farko. Da yake unguwar ta attajirai ce, jama'a da dama suka mai da dabbar gwarzon talaka a barkwancin intanet, abin da ya ƙara wa labarin armashi amma bai warware komai ba.

A 2025 hukumomin lardin Buenos Aires suka amince da shirin rage haihuwa ta hanyar allura da kuma yi wa wasu mazan tiyata. A shekarar ce kuma Daniel Scioli, sakataren gwamnatin tarayya mai kula da yawon buɗe ido da muhalli da wasanni, ya kawo shawarar a kwashe dabbobin zuwa wani tsibiri, shawarar da ita ma ta jawo ce-ce-ku-ce.

## Barazil: matsalar tana jikin kaska

A Barazil maganar ta wuce ta furanni. Akwai wani zazzaɓi da suke kira febre maculosa, wato zazzaɓi mai fesowar jajayen ɗigo a fata, wanda aka fara ganewa a Sao Paulo a 1929. Ƙwayar cutar Rickettsia rickettsii ce ke haddasa shi. Ba a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum, kuma ba a ɗaukarsa ta taɓa kafibara ko cizonta. Kaska ce ke kai shi, musamman nau'in Amblyomma sculptum, wadda ke shan jinin kafibara da dawakai, ta kuma hau mutum idan ya ratsa ciyawa. Sai ta yi sa'o'i a manne kafin cutar ta shiga jini.

Alamun farko su ne zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da ciwon jiki, kwana biyu zuwa sha huɗu bayan cizon. A nan haɗarin yake, domin sun yi kama da na zazzaɓin dengue da ya zama ruwan dare a ƙasar, ɗigon fatar kuma ba ya fitowa da wuri, wani lokaci ma ba ya fitowa. Maganin doxycycline yana aiki sosai idan an fara shi a kwanakin farko. Idan aka makara, cutar tana lalata jijiyoyin jini, kuma a jihar Sao Paulo fiye da rabin waɗanda aka tabbatar sun kamu suna mutuwa. Ƙananan kaska, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu, sun fi yawa a lokacin rani, daga wajen Yuni zuwa Nuwamba.

Rawar kafibara iri biyu ce. Garke guda yana ciyar da kaska masu ɗimbin yawa, saboda haka inda ta yi yawa kaska ma ta yi yawa. Sannan akwai wani abu da ya fi wannan muhimmanci. Kaskar ba ta iya riƙe ƙwayar cutar da kyau daga uwa zuwa 'ya'ya, kuma a yawancin wurare ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari ne ke ɗauke da ita. Da za a bar kaska ita kaɗai, cutar za ta yi ta raguwa. Abin da ke raya ta shi ne kafibarar da ba ta taɓa kamuwa ba: idan kaska mai cutar ta cije ta, ƙwayar takan yawaita a jininta na wajen kwana goma zuwa mako biyu, kuma kaska da yawa da suka sha jininta a wannan lokaci sukan ɗauka. Bayan nan jikinta ya samu kariya, ba ta ƙara yaɗawa. Wannan na nufin tsohuwar kafibara ba ita ce matsala ba. Sababbin haihuwa da baƙin da suka shigo daga wani wuri su ne ke sabunta cutar kowace shekara.

## Kashewa, kwashewa ko hana haihuwa

Wanda bai san abin da ya gabata ba zai ce a harbe su a huta. Masu wannan ra'ayi suna da hujjar sauri da arha, kuma a wurin da aka killace da shinge, inda babu hanyar shigowar wasu, hukumomin Sao Paulo sun taɓa ba da izinin kashe garke gaba ɗaya bayan an tabbatar da cutar. Amma a buɗaɗɗen bakin kogi an gudu ne ba a tsira ba. Idan aka kawar da garken da ke tsare da wuri, wani garke zai gangaro ya maye gurbinsa, abinci ya wadata, haihuwa ta ƙaru, a samu ƙarin 'ya'ya marasa kariya. Kaskar da ta rasa mai ɗaukarta kuma tana nan cikin ciyawa da yunwa. Ban da haka, doka ta hana: Barazil ta haramta farautar namun daji tun 1967, dokar 1998 kuma ta tanadi hukunci.

Kwashewa ta fi daɗin ji a kunne, shi ya sa 'yan siyasa ke son ta. Likitocin dabbobi kuwa suna ja da baya. Kafibara ba ta jure kamu da tafiya, wasu sukan mutu saboda firgici. Inda za a kai ta galibi akwai masu wurin da za su yi faɗa da ita. Idan kuma daga yankin cuta aka ɗauko ta, an kai kaska da ƙwayar cuta sabon wuri ke nan. A Belo Horizonte an taɓa kama na Pampulha aka tsare su, da yawa suka mutu a tsare, aka saki sauran.

Bayan mutuwar wani yaro ɗan shekara goma a 2016, Belo Horizonte ta koma ga hanya ta uku: a kama dabba, a yi mata tiyatar hana haihuwa, a kashe kaskar jikinta, a mayar da ita inda take. Dabarar ita ce ba a dandaƙe namijin, ana datse hanyar maniyyi ne kawai, domin ya ci gaba da jin kansa namiji, ya riƙe garkensa, ya kori baƙi. Garken sai ya tsufa a hankali ba tare da sababbin haihuwa ba. Illar wannan hanya tsada da jinkiri. Kowace dabba sai an lallaɓa ta da rake ko masara ta shiga keji, an sa mata maganin barci, likita ya yi aiki, kuma sakamakon sai bayan shekaru. Allurar da aka amince da ita a Nordelta a 2025 ta fi sauƙi, amma aikinta na ɗan lokaci ne, sai an maimaita. Masu kare dabbobi a can suna tambayar ko an yi ƙidayar da ta isa kafin a fara, kuma me ya sa za a hana dabba haihuwa alhali ba a hana gini ci gaba ba.

## Inda ake cin namanta

A filayen Llanos labarin daban ne. Can kafibara dukiya ce. Mabiya ɗariƙar Katolika a Benezuwela sun daɗe suna cin namanta a lokacin azumin kwana arba'in da ke gabanin Ista, lokacin da ake ƙaurace wa nama, bisa labarin da aka gada cewa coci ta yarda a lissafa ta tare da kifi tunda a ruwa take zama. A ƙarshen rani mahaya dawakai sukan koro garke zuwa fili, a zaɓi manya a kashe, a sa wa naman gishiri a shanya, a kai birane. A Ajantina kuma fatarta ake so, ana ɗinka safar hannu da takalma da ɗamara.

Tun 1968 Benezuwela ta tsara wannan farauta, bisa binciken masanin dabbobi Juhani Ojasti: a ƙidaya dabbobin da ke gonar kiwo, a ba mai gonar izinin ɗibar wani kaso, a bar saura su hayayyafa. Masu goyon baya suna cewa makiyayin da ke samun kuɗi daga kafibara ba zai ƙafar da fadamarsa ba, ba zai kuma ɗauke ta a matsayin mai cinye wa shanu ciyawa ba. Masu suka suna nuna cewa tsarin ya dogara ne kan ƙidaya ta gaskiya da jami'an da ke sa ido, kuma inda waɗannan suka yi rauni, farautar sata ta rage dabbobin sosai, ana fakewa da takardar izini ana sayar da naman da ba a san asalinsa ba. A Kolombiya an shafe shekaru ana jan wannan muhawara ba a buɗe farautar kasuwanci ba.

Ita kuma shaharar intanet ta kawo tata matsalar, ta masu son ajiye ta a gida. A 2023 hukumar muhalli ta Barazil, Ibama, ta ci tarar wani matashi a jihar Amazonas da ke wallafa bidiyonsa tare da wata kafibara, ta karɓe dabbar, kafin kotu ta mayar masa da ita bayan jama'a sun yi ca.

## Abin da ya shafi talaka

Wanda ya fi fuskantar zazzaɓin kaska shi ne mai aiki a bakin ruwa: masunci, lebura a gonar rake, mai yankan ciyawa, mai kula da dawakai, da yaran da ke wasa a gefen rafi. Abin da hukumomin lafiya ke nanatawa ba shi da tsada: doguwar riga da wando masu haske don a ga kaska, duba jiki kowane sa'o'i biyu zuwa uku, cire kaska da ɗan hantsaki ba tare da matse ta ko ƙona ta ba, sannan duk wanda zazzaɓi ya kama ya gaya wa likita cewa ya shiga ciyawa. Wannan jimla guda tana iya sa a fara magani kafin sakamakon gwaji ya fito. Ƙaramin manomin shinkafa ko masara da garke ya shiga gonarsa kuwa yana tsaka mai wuya, doka ta hana shi harbi, kuɗin shingen waya kuma ya fi ƙarfinsa.

A Ajantina, abin da ya fi taɓa talaka ruwa ne. Fadama tana shanye ambaliya ta sake ta a hankali. Idan aka cike ta aka ɗaga, ruwan sai ya nemi wuri mafi ƙasa, kuma mazauna unguwannin marasa galihu da ke maƙwabtaka da katangun, irin su Las Tunas, sun daɗe suna cewa ambaliya ta ƙaru a gidajensu. Masu ginin suna musanta cewa su ne sanadi, suna ɗora laifin kan rashin magudanan ruwa da ginin da ba tsari.

Dokar da za ta fayyace inda za a iya gini ko noma a dausayi ta daɗe a majalisa. Majalisar dattawa ta amince da ƙudirin a 2013 da kuma 2016, duka biyun ya mutu a majalisar wakilai. Manyan manoma da makiyaya da masu gine-gine suna tsoron ma'anar dausayi za ta yi faɗi har ta haɗiye filayen da ake amfani da su. Lardunan arewa maso yamma, Jujuy da Salta da Catamarca, suna tsoron ta shafi haƙar ma'adinin lithium a tafkunan gishiri, suna kuma kafa hujja da tsarin mulkin 1994 da ya ba larduna ikon albarkatun ƙasarsu. Muddin babu wannan doka, kowane sabon gini a bakin Luján ko Paraná hukumomin lardi da na gunduma ne ke yanke hukunci a kansa, ɗaya bayan ɗaya.